"Ai a Rubuce Yake": Mu Duba Jikin Kwalba Kafin Mu Sha

Jawabin da aka watsa a gidan rediyon ƙasa, cikin shirin yaƙi da jahilci

Ina gaida ɗaliban makarantun yaƙi da jahilci, maza da mata, tare da malamansu, duk inda suka taru kewaye da rediyo. Gaisuwa ta musamman yau ga mutanen Dogarawa da Galmi, cikin gundumar Malbaza, da maƙwabtansu na Ƙwanni da na Illela, a jihar Tawa. Ina gajiya? Ina aikin albasa? Allah ya ba da ruwa a rijiya, ya ba da kasuwa mai kyau.

Yau za mu yi magana bisa rubutun da ke jikin kwalba da kwali da leda, irin waɗanda ake sayar mana da sunan bitamin, ko ƙarin jini, ko ƙarin ƙarfi, ko maganin ƙiba. Zan fara da wani abu da ya faru a gabana.

Na taɓa kai ziyara wata makarantar manya a wani ƙauye na ƙasar Dogarawa. Cikin ɗaliban akwai wani dattijo, manomin albasa. Shekara biyu ke nan da ya shiga karatu, kuma ya fi yaran samari ƙoƙari. Da aka tashi, sai ya jawo ni gefe, ya fiddo wata kwalba daga aljihun rigarsa. Ya ce ya saye ta ranar kasuwa, wajen masu mota da lasifika. Rubutun jikinta da Hausa aka yi shi. Ya ɗaga ta kusa da fitila, ya karanta mini tun daga sama har ƙasa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Kwalbar ta ce tana maganin basir, da shawara, da sanyi, da hawan jini, da ciwon suga, da rashin haihuwa, kuma tana ƙara ƙarfi.

Na ce masa: "Baba, karatu ya yi kyau. Amma wane ne cikin waɗannan yake damunka?"

Ya ce: "Suga ne, Malam. Likita ta ɗora ni bisa wasu ƙwayoyi, kullum sai na sha, kuma an ce har abada. Wannan kuwa kwalba uku ce, an gama."

Na ce: "To ƙwayoyin fa?"

Ya ce: "Na aje su."

Na ce: "Wa ya tabbatar maka kwalba uku tana raba mutum da suga?"

Sai ya dube ni da mamaki, ya nuna kwalbar da yatsa. Ya ce: "Haba Malam! Ai a rubuce yake."

Jama'a, maganar nan ta hana ni barci a daren. Mu muka koya masa karatu. Da bai iya ba, wataƙila da ya kai kwalbar wajen wani ya tambaya. Da ya iya, sai ya karanta da kansa, ya gaskata da kansa. Bayan wata biyu na samu labarin yana kwance asibiti, da gyambo a ƙafa wanda ya ƙi warkewa. Allah ya sa an ceci ƙafar, amma bai yi noman rani ba a wannan shekara.

Ban ga laifinsa ba. Mu mutanen ƙasar nan mun tashi muna girmama rubutu. Rubutun farko da muka sani shi ne na allo, wanda ba a takawa, ba a jefarwa ƙasa. Na biyu shi ne na hukuma: takardar haraji, takardar haihuwa, takardar gona mai hatimi. Shi ya sa in mutum ya ga abu a buge da inji, baƙi a jere, ga launi, ga hoto, sai zuciyarsa ta ce wannan ba wasa ba ne. Amma injin buga takarda ba ya tambaya ko gaskiya ce. Wanda ya biya kuɗi, abin da ya ce shi za a buga masa. Rubutun jikin kwalba bakin mai kaya ne. In mai kayan na da gaskiya, rubutun na da gaskiya. In maƙaryaci ne, ƙaryarsa ce ya sa wa tawada.

Ku ɗauki buhun siminti na Malbaza. An rubuta kilo 50 a jikinsa. In magini ya yi shakka, sikeli na nan, sai ya ɗora. Ku ɗauki irin albasa. In wani ya sayar maka da iri ya ce ɗan Galmi ne, kafin damina ta dawo gona za ta tona asirinsa, ko ta wanke shi. To kwalbar da ta ce tana wanke jini, da wane sikeli za ka auna ta? Ba ka da shi. Ni ma ba ni da shi. Don haka ne hukumomi suka sa doka bisa abin da mai kaya zai iya rubutawa.

Dokar ta raba kayan gida biyu. Ku saurara da kyau, don nan ne gindin maganar.

Gida na farko shi ne magani. Magani shi ne abin da aka yi don warkar da wata cuta sananniya, ko don kare mutum daga gare ta. Kafin a bari a sayar da shi, sai mai shi ya kawo shaida: an gwada shi ga mutane, an ga yana aiki, an san yawan da za a sha, an san illarsa. A nan Nijar dokar magunguna ta watan Janairu na 1997 ita ce ta shimfiɗa wannan tsari. Ba kowa aka yarje wa sayar da magani ba. Wurinsa farmasi ne, da ɗakunan ajiyar magani masu izini, da gidan likita. A Yamai akwai ɗakin bincike na ƙasa, ana kiransa LANSPEX, inda ake auna magani a ga ko abin da ke ciki ya yi daidai da abin da aka rubuta.

Gida na biyu shi ne ƙarin abinci. Da Faransanci za ku ga an rubuta complément alimentaire a jikin kwali. Shi ne su bitamin, da sinadarin ƙarfe mai taimakon jini, da garin ganyaye cikin ƙwanso, da makamantansu. Ko da yake sun yi kama da magani, ga ƙwaya, ga kwalba, ga cokali, doka ta ɗauke su abinci ne. Aikinsu su cike giɓin abin da tuwo da miya ba su kawo ba. Ba a gwada su kamar yadda ake gwada magani. To tun da ba a gwada su haka ba, ba a yarje musu su yi maganar magani ba.

Ga abin da kwalin ƙarin abinci zai iya faɗi. Zai iya cewa: "A cikin kowace ƙwaya akwai sinadarin ƙarfe kaza." Wannan magana ce da ɗakin bincike zai iya aunawa, kamar kilo 50 na siminti. Zai iya cewa kuma: "Sinadarin ƙarfe yana taimaka wa jiki wajen yin jini." Wannan gaskiya ce da masana suka tabbatar. Amma ba zai ce "yana warkar da amosanin jini" ba. Ba zai ce "yana maganin suga" ba. Ba zai ce "in ka sha ba ka yin masassara" ba. Kalmomi uku ne aka haramta masa: warkarwa, magancewa, da karewa daga cuta.

Wannan ƙa'ida ba ƙasa ɗaya ta ƙirƙiro ta ba. Tun 1963 hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta abinci wato FAO, da ta lafiya wato OMS, suka kafa wani kwamiti mai suna Kodes, don ya tsara ƙa'idodin abinci tsakanin ƙasashe. Nijar na cikinsa. A 1979 kwamitin ya fitar da ƙa'ida bisa kirarin da ake yi wa abinci, ya hana a ce abinci yana warkar da cuta, sai inda doka ta ba da izini a fili. A 2005 ya ƙara wata ƙa'ida ta musamman bisa bitamin da sinadarai. Kusa da gida kuma, ƙasashe takwas na UEMOA, masu kuɗin sefa, sun amince a 2010 da tsari ɗaya: ƙarin abinci sai ya nemi izinin hukumar lafiya kafin ya shiga kasuwa.

Bari in ba ku labarin Turai, don ku ga yawan ƙaryar da ke cikin wannan ciniki ko a ƙasashen masu ilimi. A 2006 Tarayyar Turai ta ce duk kirarin lafiya da ake rubutawa jikin abinci a kawo shi a tantance. Aka kawo kirari wajen dubu 44. Da yawa maimaici ne, aka haɗe su suka koma dubu huɗu da ɗoriya. Masana suka zauna suna duba shaida. A 2012 aka fitar da jerin farko na waɗanda aka yarda da su. Kun san nawa ne? 222.

A Amurka kuma wata hanya suka bi. Dokarsu ta 1994 ta bar mai kaya ya yi wasu maganganu, amma dole ya ƙara rubutu a ƙasa cewa hukuma ba ta tantance maganar ba, kuma kayan ba don gano cuta ko warkar da ita aka yi su ba. Maƙwabtanmu na Najeriya ma suna da irin wannan. Hukumarsu ta abinci da magani, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana sa masu maganin gargajiya na kwalba su rubuta cewa hukumar ba ta tantance kirarin da suka yi ba. Wato ta duba ko abin ba guba ba ne, amma ba ta ce yana warkarwa ba. Sai dai da Ingilishi ake rubuta wannan, da ƙananan baƙaƙe, can ƙasa ko a baya. Kirarin kuwa da Hausa, da manyan baƙaƙe, a gaba. Ni a ganina wannan ba adalci ba ne. Wanda ya iya yi mini alkawari da harshena, ya iya yi mini gargaɗi da harshena.

Na tsaya bisa Najeriya don dalili. Daga Ƙwanni zuwa Illela ta ƙasar Sakkwato tafiyar ƴan mintoci ce, kuma kaya da yawa na kasuwanninmu daga can suke shigowa, masu kyau da marasa kyau. Lambar NAFDAC a jikin kwalba alama ce mai amfani, ta fi babu. Amma ku riƙe abu biyu. Izinin Najeriya ne, ba na Nijar ba. Kuma ɓarawo ma ya iya buga lamba.

Manya daga cikinmu sun tuna annobar sanƙarau ta 1995. A wannan shekara an kawo wa ƙasar nan kyautar allurar rigakafi daga wata ƙasa, wadda ita ma ta ɗauka mai kyau ce. Jikin kwalaben ɗauke yake da sunayen manyan kamfanonin Turai. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura ba ta narkewa yadda aka saba. Da aka auna, babu maganin a ciki. Kafin a gane, an riga an yi wa mutum fiye da dubu 50, kuma OMS ta ce mutum 2500 sun rasu sakamakon haka. In har an iya buga sunan babban kamfani jikin kwalbar rigakafi, a ruɗi hukumomi, me zai hana a buga ƙarya jikin kwalbar jaka guda da ake talla bisa tire? A 2017 OMS ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa, cikin kowane magani goma, ɗaya jabu ne ko marar inganci. Shi ya sa a watan Janairu na 2020 Nijar ta shiga cikin ƙasashen Afirka bakwai da suka yi alkawari a Lome cewa za su tsananta hukunci bisa masu wannan fatauci.

Yanzu wani zai ce: "To, in bai yi amfani ba, ai bai yi illa ba. Kuɗi kawai na rasa." Ba haka ba ne. Illa ta farko ita ce ta dattijon nan na Dogarawa: ka aje maganin gaskiya, ka riƙe na ƙarya, cuta tana cinka a ɓoye. Suga da hawan jini ba sa kururuwa. Mutum na yawo yana jin garau, har ranar da ido ya dushe, ko ɓarin jiki ya mutu.

Illa ta biyu ta fi wannan muni. Wani lokaci abin da ke cikin kwalbar ba shi ne aka rubuta ba. An rubuta "ganye zalla", alhali an zuba magani mai ƙarfi a ciki, don mai sha ya ji canji da wuri, ya dawo ya ƙara saye.

Ina magana da ku mata, musamman ƴan matan da ake shirin kai wa ɗaki. Kun san ƙwayoyin nan da ake kira sha ka fashe, da ruwan kwalba da ake cewa bitamin na ƙiba. Yawancinsu magani biyu ne ke ciki. Ɗaya maganin ƙaiƙayi da mura ne, wanda ke sa yunwa da barci. Ɗayan sunansa deksametazon, magani ne mai ƙarfi da lokotoro ke ba da shi ga ciwo mai tsanani, na ƴan kwanaki, yana lura da mai sha. In mace mai lafiya ta yi wata da watanni tana shansa, fuska za ta kumbura ta yi da'ira, wuya ya cika, ciki ya fito, hannu da ƙafa kuwa su sirance. Mutane su ce ta yi kyau, hutu ya karɓe ta. Alhali ruwa ne da kitse suka taru inda bai kamata ba. A ƙarƙashin wannan, suga na hawa, jini na hawa, ƙashi na rauni, fata na tsagewa, jiki kuma ya kasa yaƙi da ƙananan cututtuka. Ku riƙe wannan: wadda ta daɗe tana shansa kada ta bari rana ɗaya, don barin farat ɗaya ma haɗari ne. Ta je likita, ta faɗi gaskiya ba kunya, a rage mata sannu sannu.

Maza, kada ku yi dariya, taku na tafe. Zumar leda da kofi da ake sayarwa a tasha da sunan ƙarfin maza, a ce na ganye ne, an sha aunawa a tarar da maganin asibiti a ɓoye ciki. A 2022 hukumar abinci da magani ta Amurka ta gargaɗi kamfanoni huɗu masu sayar da irin wannan zuma, bayan ta auna ta gano haka. Mai ciwon zuciya da ke shan wasu ƙwayoyi, in ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa nan take. Shi kuwa bai san ya sha magani ba, ya ɗauka zuma ya lasa.

Sai maganin ƙarin jini. Kwalba ja, ruwa ja, hoton mutum mai damtse. Jan nan rini ne, ba jini ba ne. Mai yiwuwa akwai sinadarin ƙarfe a ciki, mai yiwuwa babu. Ko da akwai, tambayar da ta kamata ita ce: me ya shanye jinin? A ƙasarmu sau da yawa masassarar sauro ce, ko tsutsar ciki, ko haihuwa kusa da kusa, ko amosanin jini da ake gado. In ba a toshe inda tulu ke yoyo ba, ɗiban ruwa wahala ce. Yaron da tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari, yana numfashi sama sama, ba kwalbar kasuwa yake bukata ba. A ɗauke shi a kai likita a ranar. Ku mutanen Dogarawa ba ku da nisa: ga gidajen likita na gwamnati, ga asibitin Galmi da ke bakin titi tun 1950.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce rediyo ta ce bitamin banza ne. Ban ce ba. Akwai ƙarin abinci na gaskiya, kuma ya ceci rayuka da yawa a ƙasar nan. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba mai ciki wajen awo na gaskiya ne. A sha su kullum, ko da sun baƙanta bayan gida, wannan ba komai ba ne. Ƙwanson bitamin A da ake matsa wa yara a baki duk wata shida, daga ɗan wata 6 zuwa shekara 5, na gaskiya ne: shuɗi ga wanda bai cika shekara ba, ja ga wanda ya cika. Tun 1997 Nijar ta fara haɗa shi da ranakun rigakafin shan inna. Yana kare ido daga dundumi, yana ƙarfafa jiki. Gishiri mai iyod yana hana maƙoƙo, yana taimakon ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki. Man girki da garin alkama masu tambarin ENRICHI an ƙara musu sinadari bisa ƙa'ida. Ku lura da abu ɗaya: duk waɗannan, kowanne aiki ɗaya ko biyu ya yi alkawari. Babu wanda ya ce yana maganin cuta bakwai.

Ba kuma faɗa nake da masu maganin gargajiya ba. Mai maganin ƙauyenku kun san gidansa, kun san ubansa. In ya ba ka abin da ya ɓata maka ciki, gobe za ka same shi a zaurensa. Mai mota da lasifika kuwa, da ɗan akwaku mai yawo da tire cikin rana, kafin magariba sun yi gaba. Wa za ka kama?

Wani abin da ya kamata mu faɗa wa juna: kuɗin kwalba ɗaya na iya cika kwando. Zogale, rama, yakuwa, wake, gyaɗa, fara, ƙwai, ƴar hanta ranar kasuwa, kabewa, karas, mangwaro in lokacinsa ya yi. Lambunan Galmi da kewaye ba albasa kaɗai suke iya bayarwa ba. A matsa lemun tsami bisa kwaɗon ganye, yana taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe. Shayi kuwa, in an sha shi bisa abinci nan take, yana rage ɗaukar. Ku ƴan fada masu barada uku, a jinkirta kaɗan.

To yaya za mu karanta jikin kwalba? Na san yawancin rubutun da Faransanci ne ko Ingilishi, mu kuwa Hausa muka koya. Amma baƙaƙen ɗaya ne, lambobin ɗaya ne, kuma da su kaɗai za ku iya gane abubuwa da yawa.

Ku fara neman sunan wanda ya yi kayan, da garinsa, da ƙasarsa. Mai gaskiya ba ya ɓoye gidansa. In ba suna, ba gari, sai lambar salula kaɗai, aje masa kayansa.

Ku nemi jerin abin da ke ciki, da yawansa. Za ku ga lamba, sai baƙaƙe biyu mg a gabanta, awo ne ƙarami. In an ce "haɗin sirri" ko "itatuwa 99" ba a faɗi sunan ko ɗaya ba, to an rufe maka ido ne.

Ku nemi ranar lalacewa. Wannan kowa zai iya, ko ɗan wata uku a makaranta. Ku nemi baƙaƙe uku: EXP, wani lokaci PER. A gabansu akwai lambobi. In kun ga EXP 08/2024, lamba ta farko wata ce, ta biyu shekara. Wato wata na 8 na shekarar 2024. Bayan wannan wata, kayan sun mutu. Kada ku rikita ta da FAB ko MFG, wannan ranar da aka yi kayan ce. In an kankare wurin, ko an liƙa wata takarda bisa tsohuwa, kun san dalili. Kuma ko ranar ba ta wuce ba, kwalbar da ta wuni bisa tire cikin zafin watan huɗu ba ita ce ta fito daga masana'anta ba. Zafi na kashe bitamin.

Sannan ku karanta kirarin, ku ƙirga cututtukan da yatsa. In kwalin ya ce shi ƙarin abinci ne, kuma ya ce yana warkarwa, ya karya doka a gaban idonku. In yatsun hannu ɗaya sun ƙare bai gama lissafi ba, ba sai kun tambayi kowa ba. In ya ce "ba sai ka je likita ba", ko "ka bar ƙwayoyinka", wannan ba tallar kaya ba ce kaɗai, neman ranka yake.

Wani zai tambaya: in doka ta hana, me ya sa kasuwa ta cika da su? Tambaya ce mai kyau, ni ma ina yin ta. Iyakarmu da Najeriya kusan kilomita 1500 ce, hanyoyin daji sun fi ƴan duwan yawa. Ɗakin bincike yana Yamai, kasuwanni kuwa dubbai ne. Farmasi ta yi wa wasu ƙauyuka nisa, mai tire kuwa har ƙofar gida yake zuwa, ya sayar da ƙwaya ɗaya ɗaya, har bashi yana bayarwa. Akwai kuma gidajen rediyo da ke karɓar kuɗin talla su watsa kirarin da ba su bincika ba. Mu ma'aikatan rediyo ya kamata mu fara share ƙofar gidanmu. Hukuma na kamawa, tana ƙonawa, amma muddin akwai mai saye, wata motar za ta zo.

In kun ga kaya irin wannan, ko wani ya sha ya ji ba daidai ba, kada ku jefar da kwalbar. Ku kai ta wajen manjo na gidan likitar da ke kusa, ku faɗa masa inda aka saya da ranar. Da irin wannan labari ne hukumar lafiya ke sanin abin da ke yawo.

Malaman makarantu, ga aikin wannan mako. Kowane ɗalibi ya zo da kwali ko kwalba ɗaya daga gida, wadda ba kowa a ciki: ta bitamin, ta ƙarin jini, ledar gishiri, ko galan na mai. A jera su bisa tabarma. Kowa ya nemo sunan garin da aka yi kayansa, ya rubuta cikin littafi. Ya nemo ranar lalacewa, ya rubuta wata da shekara da Hausa. Sannan ya kwafe alkawarin da kwalin ya yi, a karanta a fili, a tattauna: wanne ne za a iya aunawa, wanne ne ba za a iya ba? Kalmar da ta gagare ku, ku rubuto mana ita ta hannun mai kula da makarantun gundumarku, za mu amsa cikin shiri.

Dattijon nan na Dogarawa ya koma makaranta bayan ya tashi. Da na sake zuwa, na tarar shi ne ke karanta wa matan gidansa ranar da ke jikin kwalaye, kuma ƙwayoyinsa na suga suna cikin aljihun da kwalbar take a da.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu karanta katin rigakafin yara tare, layi bayan layi. Kowace uwa ta zo da na ɗanta. Sai mun sadu. Ku huta lafiya.